Tauraron da Na Liƙa wa Mai Kunu

Bara, da gwamnati ta tattara komatsanta ta baro Legas, mu ma a cikin komatsan aka ƙunso mu. Abbana ma'aikacin lafiya ne, amma ba irin mai riƙe allura ba. Shi ƙididdiga yake yi. Likitoci su je su gwada magani, ko su zaga ƙauyuka da tambayoyi, su dawo su jibge masa takardu, shi kuma ya gaya musu ko abin da suka gani wani abu ne ko kuwa dace ne kawai. Da muka iso Abuja, ofishinsu ko ƙofa ba a sa masa ba. Sai kwalayen ofis suka sauka a falonmu, kwali kan kwali har silin. Umma ta ce ita dai a iya saninta mutum ta aura, ba ma'aikata ba. Wata uku muna cin tuwo a kan cinya, domin teburin cin abincinmu ya zama na gwamnatin tarayya.

Kwatas ɗin da aka ba mu gidaje ne iri ɗaya, fenti ɗaya, a tsakiyar jar ƙasa. Sau biyu ina shiga gidan wasu in yi sallama in nufi kicin. Kowa baƙo ne, kuma kowa yana kallon kowa kamar shi ne ya kai ƙararsa aka taso shi daga Legas. In ka gaida maƙwabci da fara'a, sai ya koma ciki ya tambayi matarsa me kake nema.

Duk Asabar Abba yakan zaunar da ni in taya shi ƙirge. Ya koya mini zana gida mai ɗaki huɗu: waɗanda suka sha magani suka warke, waɗanda suka sha ba su warke ba, waɗanda ba su sha ba suka warke, da waɗanda ba su sha ba kuma ba su warke ba. In na cike ɗakunan, sai in bi wani kati da ya rubuta mini, in daddanna kalkuleta, lamba ta fito. In lambar ta wuce wadda ya ja wa jan layi a bayan wani ƙaton littafi, sai a sa ɗan tauraro da fensir a gefen takardar.

Na ga abin da tauraron nan yake yi wa manya. Likitoci masu tumbi su zo su zauna a kan kwali a falonmu suna tambayar Abba, “Ya fito?” In ya fito, sai ka rantse matarsu ce ta haifi 'yan uku. In bai fito ba, sai su yi jugum kamar masu zaman makoki. Akwai wanda ya roƙi Abba ya cire masa marasa lafiya biyu daga lissafin ko Allah zai sa. Abba ya miƙa masa takardunsa ya ce a gaida gida. Ni dai abin da na ɗauka shi ne tauraro hatimin gaskiya ne. Kuma da yake kullum ina jin Abba yana ambaton biyar cikin ɗari, sai na yi nawa lissafin: ɗari a cire biyar, saura casa'in da biyar. Ke nan duk abin da ya samu tauraro, tabbas ɗinsa ya kai kashi casa'in da biyar. Ban tambaye shi ba. Mai ilimi irina ai ba ta tambaya.

A bakin get ɗin kwatas akwai wata mata mai sayar da kunun zaƙi. 'Yar Gbagyi ce daga wani ƙauye a bayan Lugbe, kuma duk kwatas Mama muke ce mata. A kafaɗa take ɗauko bokitinta, ba a ka ba, yadda matansu ke yi. Ta taɓa gaya wa Umma cewa gonarsu ta doya tana nan a ƙarƙashin kwaltar hanyar filin jirgi, shi ya sa ta koma kunu, da shi take ci da 'ya'yanta. Ni kuwa babbar mai cinikinta ce. In da za a tsaga jijiyata a lokacin, gero ne zai fito.

Ana nan sai aka tura Abba Legas na sati biyu ya rako sauran takardu. Kwana uku da tafiyarsa gudawa ta sauka a kwatas. Ba ta kashe kowa ba, alhamdulillahi, amma ta zubar da mutuncin manya da yawa. Na ga mataimakin darakta yana gudu daga motarsa zuwa gida da jaka a hammata, gudun da in da a filin wasa ya yi shi da an ba shi kofi. Nan fa zargi ya tashi. Wannan ta ce ruwan tanka ne. Waccan ta ce sabon fenti ne. Wani ya ce duwatsun garin nan da mazauna a cikinsu, kuma ba a nemi izininsu ba. Wata ta daina gaida maƙwabciyarta saboda ta aiko mata da dambu.

Sai na ce a raina, ga gidan ƙididdiga guda a kwatas, a bar mutane suna ta shaci-faɗi? Na ɗauko sabon littafin makaranta, na fara bin gida-gida bayan an taso mu, ina rubuta gidan da cutar ta shiga da abin da suka ci ko suka sha. Tambayoyi biyar na fara da su. Amma duk gidan da na shiga sai an ƙara mini wani abin zargi. “Kin rubuta burodi?” “Sa tsiren bakin titi.” “Latas fa?” “Mangwaron bayan katanga!” Sai in rubuta, in koma gidajen baya in sake tambaya. Kafin in gama, tambayoyina sun kai ashirin da uku, kuma matan kwatas suna jin takuna suke cewa yara su ce ba sa nan.

Kwana uku ina zana gida mai ɗaki huɗu a teburin Abba. Ruwan tanka, ba tauraro. Burodi, babu. Tsire ya zo dab da jan layi ya tsaya, na ji kamar in tura shi da yatsa. Har na fara fahimtar likitan nan mai son a cire masa mutum biyu. Sai a tambaya ta goma sha tara, kunun Mama, lamba ta tsallake layi. Na sake dannawa, ta sake tsallakewa. Na zana tauraro har fensir ya huda takarda.

Ban tsaya ko sa takalmi daidai ba na nufi gidan Ciyaman, wato shugaban mazauna kwatas, wani dattijo mai gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Shi ma cutar ta taɓa shi, yana zaune a baranda ya rame.

“Yallaɓai, na gano ta.”

“Wa kika gano?”

Na buɗe masa littafin. Ya sa tabarau ya duba gidajena masu ɗaki huɗu, ya juya littafin sama da ƙasa.

“Wa ya koya miki wannan?”

“Abba. Irin wanda yake yi wa likitoci ne.”

“To, kina da tabbas dai?”

“Kashi casa'in da biyar cikin ɗari, Yallaɓai.”

“Casa'in da biyar!” Ya cire tabarau. “Ni ko ranar ɗaurin aurena ban kai wannan tabbas ba. Dama ni tuntuni ban yarda da bokitin nan ba.”

Washegari da safe ina fitowa zan tafi makaranta na tarar da maigadi yana gaya wa Mama ta kwashe kayanta, Ciyaman ya ce kada a sake ganinta a get. Matan kwatas sun tsaya nesa-nesa da kofunansu a hannu, babu mai matsowa.

“Wane laifi ne na yi?” in ji Mama. Hausarta irin ta nan ce, ba ruwanta da mace ko namiji. “Kunu nan ni ya sha, yara na ya sha. Wane ne ya mutu?”

“Ni ban sani ba, Mama,” in ji maigadi. “An ce lissafi ne ya kama ki. Ga mai lissafin nan.” Ya nuna ni da baki.

Mama ta juyo ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta rufe bokitinta cike yadda ta zo da shi, ta ɗora a kafaɗa, ta kama hanya. Na gaya wa kaina cewa haka aikin ceton al'umma yake, sai an daure.

Umma ce kaɗai ba ta yi mini tafi ba.

“Ni wannan tauraron naki ban yarda da shi ba,” ta ce tana tsince shinkafa. “Ke da kike ɗura kunun nan kamar ana cika tanki, me ya same ki?”

“Ni ina cikin kashi biyar ɗin, Umma.”

“Allah ya shirye ki. Bari mai tauraron ya dawo.”

Ranar da Abba ya dawo, ko ruwa ban bari ya gama sha ba na ajiye masa littafin. Na tsaya ina jiran ya ce a kai ni jami'a kai tsaye. Ya buɗe. Bai ko kalli tauraron ba, tambayoyin ya shiga ƙirgawa da yatsa. Abba Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma in ya ja kalmar a hankali na san akwai magana.

“Uwata. Tambaya nawa kika yi?”

“Ashirin da uku.”

“Nawa suka samu tauraro?”

“Ɗaya tak! Shi ya sa na san ita ce.”

“Me kika gaya wa Ciyaman?”

Na faɗa masa zancen casa'in da biyar. Ya ajiye littafin.

“Zauna,” ya ce. “Lambar nan ba ta san mai laifi ba, kuma ba ta taɓa cewa casa'in da biyar ba. Abin da take tambaya ɗaya ne. A ce kunun nan ba ruwansa da cikin kowa, sau nawa dace kawai zai kawo bambanci irin wannan ko fiye? In ta ce bai kai sau ɗaya cikin ashirin ba, sai mu sa tauraro, ma'ana a je a duba da kyau. A duba na ce, ba a kora ba. To ke sau ashirin da uku kika jefa ƙugiya. Ko duk rafin ba kifi, ai da wuya ki tashi ba ki jawo ko tsumma ba.”

“To ba ita ba ce ke nan?”

“Ban ce ba ita ba ce. Ban sani ba. Ke ma ba ki sani ba. Ruwan tankar da bai samu tauraro ba shi ma ba wankuwa ya yi ba, ƙila gidajen ne ba su da yawan da za su nuna. Bambancina da ke, ni ban kori kowa ba.”

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

“Ku da lissafinku. Su wa suka fi sayen kunun? Ba mazan nan da matansu ke Legas har yanzu ba? Su ne kuma masu cin shinkafar leburori da rana, tsire da yamma, su sha duk ruwan da aka miƙo musu. Mutumin da ba a girka masa a gida, me bai ci ba?”

Abba ya ce wannan ma da ita a cikin littattafansa, shafi guda aka ɓata kafin a faɗi abin da Umma ta faɗa da ludayi.

Ni fa ban yarda ba. Na zargi Abba da kishi, wai don na yi a sati ɗaya abin da yake yi a shekara. Da ya ga haka sai ya ba ni horo. Ya ce in zauna in rubuta tambayoyi ashirin na shirme game da gidajen nan, abin da ko mahaukaci ba zai ce yana sa gudawa ba, kuma abin da na sani ba sai na shiga gidan kowa ba. Ya ce ƙila wani ya fito, ƙila kada ya fito, in dai gwada. Na rubuta launin labule, lambar gida mara ce ko cika, ko suna da kyanwa, ko maigidan na sa hula, ko ƙofarsu na ƙara. Na yi kwana biyu ina danna kalkuleta ina addu'ar kada komai ya fito. Tambaya ta goma sha ɗaya ta tsallake jan layi: gidajen da maigidan ke da gashin baki.

Na daɗe ina kallon lambar. Na ma yi tunanin in ɓoye ta. Amma Abba yana tsaye a kaina.

“Sa masa tauraronsa,” ya ce. “Hakkinsa ne. Sai ki ɗauko mayafinki.”

Muka tafi gidan Ciyaman. Abba ya gaishe shi da ladabi, ya yi masa jajen rashin lafiya, sannan ya ajiye masa takardun biyu gefe da gefe.

“Yallaɓai, hanya ɗaya aka bi aka samo su. In za mu kori matar nan a kan wannan, to sai ka aske a kan wancan.”

Ciyaman ya dafe gashin bakinsa kamar za a ƙwace. Ya dubi Abba, ya dube ni, ya sake duban Abba.

“Malam, jiya lissafi ya ce ita ce, yau lissafi ya ce ba ita ba ce?”

“Yau lissafi ya ce bai sani ba. Jiya ma haka ya ce, yarinya ce ba ta ji shi daidai ba.”

“Hmm. Ko dai matar nan ta zo ta same ku ne?”

“Ba ta zo ba, Yallaɓai.”

“Ko kuwa kujerar nan ake so? In ita ce a faɗa mini, ba sai an bi ta gashin bakina ba.”

Da ƙyar Abba ya shawo kansa ya yarda Mama ta dawo get. Amma ya ƙi tara mutane ya janye maganar. Ya ce shi bai hana ba, bai kuma ce a saya ba, kowa ya san cikinsa. Gudawar kuwa a lokacin ta riga ta wuce da kanta, kuma har yau ba wanda ya san me ya kawo ta. Wucewar tata ma sai ta zama wata hujjar. Duk wanda na tare da bayani sai ya ce, “To ai ga shi tun da ta tafi muka samu lafiya.”

Ranar Asabar da hantsi Umma ta tasa ni gaba muka hau mota zuwa Lugbe, daga nan muka taka da ƙafa muna tambaya. Muka sami Mama a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, bokitin kunun a kife a kan dutse. Ta ba Umma kujera. Ni ba ta ba ni ba.

Na durƙusa na ce, “Mama, ki yafe mini. Kuskure na yi.”

“Littafi ne ya yi kuskure ko kai?”

“Ni ce, Mama.”

“Kin zo gidana kin ga ruwa da nake dafawa? Kin ga gero? Kin tambaye ni ko tambaya ɗaya? Kin tambayi kowa a kwatas, har mai kyanwa. Ni da kika kama, ba ki tambaya ba.”

Zancen kyanwar daga baya ne, amma ban ga fuskar gyara mata ba. Umma ta ba ta haƙuri irin na manya, ta ce yarinta ce da rawar kai, ta roƙe ta ta dawo. Mama ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce za ta dawo, amma da sharaɗi. Kullum ni zan sha kofin farko, a tsaye a bakin get, inda kowa zai gani.

Haka aka yi. Sati uku ina tsayawa da kayan makaranta ina shan kunu a bainar jama'a, ina ɗaga kofi sama kamar mai tallar magani a tasha. Ina gamawa in buga ciki in ce, “Lafiya lau!” Matan kwatas suna leƙe ta taga suna jiran in faɗi. Mazan da matansu ke Legas suka dawo saye, don yunwa ba ta san lissafi ba. Wasu gidaje biyu-uku ma suka dawo. Sauran kuwa sai su wuce su gaishe ta da kyau, kofi a ɓoye cikin mayafi, su tafi wani wuri. Da rana in na dawo daga makaranta nakan tarar da ita har yanzu a zaune, ko rabin bokitin ba ta sayar ba, ita da a da kafin ƙarfe tara ta wanke shi.

A sati na huɗu motar kaya ta sauke wasu sababbin mutane daga Legas a gidan da ke kallon namu. Ko katifa ba su gama shigarwa ba na ji matar Ciyaman tana yi wa matar gidan bayanin gari: inda ake samun ruwa, inda kasuwa take, sai kuma ta rage murya.

“Mai kunun get ɗin nan kuma ki yi hankali. An taɓa yin bincike a kanta.”

Na diro daga baranda kamar an harbo ni.

“Ni na yi binciken! Ba daidai ba ne! Tambaya ashirin da uku na yi, kuma ko gashin baki ma ya samu tauraro!”

Baƙuwar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta jawo ɗanta jikinta.

“'Yar uwarku ce mai kunun?” ta tambaya.

Ranar Litinin na fito da kofina, get ba kowa sai maigadi yana sauraron rediyo. Na tambaye shi ko Mama ba ta da lafiya ne.

“Lafiyarta ƙalau,” ya ce. “Ta koma wajen leburorin da ke gini a hanyar filin jirgi. Jiya ta aiko ɗanta ya ɗauki bencinta. Ta ce a gaida Umma, ke kuma a ce miki kin gama shan naki, ta yafe.”

“Ba za ta dawo ba?”

Ya ƙara muryar rediyonsa. Na tsaya a wurin da kofi a hannu har motar makaranta ta yi mini oda sau biyu.